Turawa suna rufe manyan gidajen masu lalurar ƙwaƙwalwa, mu kuma muna shirin ginawa, ina gaskiyar take?

Abban_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai mun ɗan tara kuɗi, wani bawan Allah kuma ya ba mu fili a bayan gari, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne mu gina babban gidan kwana kamar gado 200, mu tattara yara da manya masu lalurar ƙwaƙwalwa irin wadda ake tasowa da ita tun yarinta, masu galahanga da masu Down (lalurar da ake haihuwar yaro da ita, mai jinkirta girma da fahimta) da waɗanda ba sa iya magana ko kula da kansu, a samar musu abinci da ma'aikatan jinya da malamai waje guda. To da muka kai maganar taro sai wani ɗan ajinmu da yake Amurka ya ce mu dakata, wai su can sun fi shekara 50 suna rufe irin waɗannan gidaje suna maida mutanen cikin unguwanni. Abin ya ɗaure min kai gaskiya. Mutanen da suke da kuɗi da likitoci me zai sa su rufe? Ni ina da 'ya mai wannan lalura shi ya sa maganar take raina sosai.

Ummu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lada, ya ba Sadiya lafiya. Ni dai a ganina ku gina kawai, ko ba komai sun samu wajen kwana da abinci.

DanZango_Bronx:
Yaya Abban Sadiya abokin naku gaskiya ya faɗa maka. Ni aikina kenan a New York, ina kula da mutum huɗu a wani gida cikin unguwa, gida ne kamar na kowa babu ko allo a ƙofa, kuma ranar farko ta horo labarin Willowbrook ake fara ba mu. Makarantar kwana ce ta gwamnati don masu lalurar ƙwaƙwalwa a tsibirin Staten Island, an gina ta don mutum 4,000 amma zuwa 1965 akwai kusan 6,000 a ciki. A shekarar Sanata Robert Kennedy ya shiga ya fito ya ce ramin macizai ne. Ba a yi wani abin kirki ba sai 1972, wani likita da aka kora daga aiki ya ba ɗan jarida Geraldo Rivera makulli ya shiga da kyamara ba sanarwa, mutane suka gani a talabijin, yara tsirara a ƙasa cikin kashinsu suna ta jijjiga, ma'aikaci ɗaya da yara gomomi, abinci ana ɗura musu a baki cikin 'yan mintoci. Kuma a nan ne aka riƙa sa wa yara ƙwayar ciwon hanta da gangan don bincike. Iyaye suka kai ƙara, a 1975 jihar ta sa hannu a yarjejeniyar fitar da mutanen zuwa ƙananan gidaje, amma sai 1987 aka rufe wajen gaba ɗaya, yanzu jami'a ce a filin.
Abin da nake so ka lura, waɗanda suka gina ba mugaye ba ne, su ma da niyyar taimako suka fara kamar ku. Amma da ka tara mutanen da ba sa iya kai ƙara a bayan katanga nesa da gari, ranar da kuɗi ya ragu babu mai gani babu mai ji.

Sani_Kofar_Mata:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A Amurka wannan?

DanZango_Bronx:
A Amurka ɗan uwa, kuma ba shi kaɗai ba. A 1967 kusan mutum dubu 195 ne a irin waɗannan gidaje na gwamnati a ƙasar. Akwai wani Bernard Carabello, shekara 18 ya yi a Willowbrook, ashe shanyewar jiki ce ke damunsa hankalinsa lafiya lau, babu wanda ya tsaya ya saurare shi balle a gane. Da ya fito shi ya zama mai fafutukar kare haƙƙinsu.

Hajiya_Mairo:
Ɗana DanZango na ji bayaninka amma bari in faɗa maka tawa. Ɗana shekararsa ta haura 30, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, in abin ya motsa masa sai ya fasa duk abin da ke gabansa, dare ba ya barci ni ma ba na barci, mahaifinsa ya rasu, ƙannensa mata duk sun yi aure kuma ba kowane miji ne zai yarda a kawo masa shi gida ba. Ku da kuke cewa a bar su cikin al'umma, wace al'umma? Al'ummar da yara suke bin sa da jifa in ya fita? Ni ce al'ummar, ni kaɗai, ga hawan jini ga ciwon ƙafa. Kullum tunanina in na mutu wa zai riƙe shi. Wallahi da akwai waje mai tsafta da tsoron Allah da zan kai shi in riƙa zuwa duba shi duk Juma'a, da na kai shi kuma ba zan ji kunyar kowa ba. Abban Sadiya ku gina, masu irin halin da nake ciki suna da yawa, shiru kawai muke yi.

Ummu_Hanif:
Allah ya saka miki da Aljanna Hajiya. Na yi hawaye wallahi.

Nas_Bilki_UK:
Mama Hajiya Mairo maganarki ita ce gaskiyar da ba a so a faɗa, kuma babu wanda ya isa ya zarge ki. Amma a gyara fahimta ɗaya, da Turawa suka ce kulawa cikin al'umma ba suna nufin a maida wa uwa ɗanta a ce Allah ya ba da haƙuri ba. Nufin shi ne kuɗin da ake kashewa a kan gadon babban gida ya bi mutumin duk inda yake. A ba shi ɗaki nasa ko gida da mutum biyu uku, ma'aikata suna canjin aiki dare da rana, da safe akwai inda yake zuwa koyon sana'a ko aiki, iyayen da suka riƙe nasu a gida kuma akwai wajen da za su kai shi kwana biyu ko sati su huta. Wannan hutun shi ne abin da Mama take buƙata tun shekaru.
Sannan kar a ɗauka girman gini ne kawai matsala. Nan Ingila a 2011 BBC ta saka ɗan jarida a ɓoye a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, Winterbourne View kusa da Bristol, gado 24 kacal, ana biyan wajen fam 3,500 duk sati a kan mutum ɗaya, amma aka ɗauko ma'aikata suna marinsu suna danne su ƙarƙashin kujera suna watsa musu ruwan sanyi. Ma'aikata 11 aka samu da laifi, 6 suka tafi gidan yari. Gwamnati ta yi alkawarin fitar da duk wanda bai kamata a riƙe shi ba daga irin waɗannan wurare, har yanzu akwai wajen mutum 2,000 a ciki, a 2019 ma aka sake kama irin wannan a wani asibitin mai suna Whorlton Hall. Kuɗi ba su hana zalunci ba saboda ƙofa a kulle take kuma dangi suna nesa.

Injiniya_Kabiru:
Ni fa ina ganin muna kwatanta abin da ba ya kwatantuwa. Su suna da gwamnati mai biya. DanZango waye yake biyan albashinka? Ba iyayen ba ne ai. Mu nan in ka raba mutum 200 gida 50 kana buƙatar mai dafa abinci 50, mai gadi 50, janareta ko sola 50, rijiya 50. Waje ɗaya kuwa kicin ɗaya ya isa. Lissafi ne kawai.

DanZango_Bronx:
Medicaid ne yake biya Injiniya, inshorar lafiya ta gwamnati, tun 1981 aka ba jihohi dama su karkatar da kuɗin zuwa kulawa a gida da unguwa. Kuma ba zan ɓoye ba tsarin yana da nasa ciwon, a 2023 mutum kusan dubu 700 ne suke layin jira a faɗin ƙasar, wasu shekaru suke yi, albashinmu kuma ƙarami ne shi ya sa ma'aikata ba sa zama, mutum ya saba da kai ya fara yarda ka yi masa wanka sai ka samu aiki a sito ka tafi, a kawo sabo a koma farko. Akwai ƙungiyoyin iyaye a nan ma da suke adawa da rufe manyan gidajen, maganarsu irin ta Hajiya ce sak. Amma kicin ɗaya da kake faɗa shi ne farkon matsalar, daga nan sai lokacin tashi ɗaya, wanka a layi, kaya na kowa da kowa, mutum ya shekara 20 bai taɓa zaɓar abin da zai ci ba.

Malam_Isuhu_Joburg:
Ku ba ni dama in kawo misali daga Afirka tunda ana cewa Turawa daban. Nan Afirka ta Kudu, lardin Gauteng, a 2015 gwamnatin lardi ta ce za ta soke kwangilar asibitoci masu zaman kansu na Life Esidimeni, wai don rage kashe kuɗi kuma wai don maida marasa lafiya cikin al'umma. A 2016 cikin 'yan watanni aka kwashe wajen mutum 1,700, masu taɓin hankali da masu lalurar ƙwaƙwalwa, wasu a bayan motocin ɗaukar kaya, ba fayil ba magani, aka rarraba su ga ƙananan ƙungiyoyi waɗanda lasisinsu ma ba sahihi ba ne, iyalai da yawa ba a gaya musu inda aka kai nasu ba, sai yawo suke daga wannan gida zuwa wancan har mutuware. Mutum 144 suka mutu, yunwa da ƙishirwa da sanyi da ciwon huhu. A da ana kashe rand 320 a kan mutum a rana, aka koma ba ƙungiyoyin rand 112. Likitoci da iyalai sun yi gargaɗi har kotu suka je tun kafin a fara, ba a saurare su ba. A 2018 tsohon mataimakin alƙalin alƙalai Dikgang Moseneke ya yanke a biya kowane iyali rand miliyan 1.2.
Don haka ni duk wanda ya ce min a rufe babban gida tambayata ta farko ita ce ina za a kai su, wa zai karɓe su, nawa aka ware. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya_Kabiru:
Yauwa Malam Isuhu, ka ga abin da nake faɗa.

Nas_Bilki_UK:
Injiniya ba abin da kake faɗa ba ne fa. Esidimeni ya nuna illar fitar da mutane ba shiri don tsimin kuɗi. Su Abban Sadiya ba su da kowa a kulle tukuna, tambayarsu ita ce su fara kullewa ko a'a. Norway ta fara nata a 1991 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa kowa gida kafin a rufe, Sweden ta sa doka cewa zuwa ƙarshen 1999 duk a rufe, kuma ba a ji gawarwaki ba saboda sun gina wajen zuwa tukuna.

Abu_Ammar:
Ni tambayata daban ce, wai duk wannan ba aikin aljanu ba ne ko sammu? Akwai yaron maƙwabcinmu da aka yi wa ruƙiyya ya samu sauƙi sosai.

Dr_Zainab_A:
Malam Abu Ammar addu'a ba ta hana magani, kowa yana yi wa ɗansa. Amma yawancin abin da muke gani a asibiti sanadinsa a bayyane yake, doguwar naƙuda da jariri ya rasa iska, shawara mai tsanani a satin farko da aka tsaya ana ba shi ruwan tsimi ana shanya shi a rana, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙarancin sinadarin aidin, Down kuma daga ƙwayoyin halitta ne tun cikin ciki. Kuma don Allah a bambanta da taɓin hankali, wancan ciwo ne da yakan zo daga baya kuma magani yana saukar da shi, wannan kuwa yanayi ne da mutum zai rayu da shi, abin da yake buƙata koyarwa ce da gashin ƙashi da haƙuri. Haɗa su waje ɗaya shi ya sa ake kai yaro mai galahanga gidan mari a sa masa sarƙa.

Sani_Kofar_Mata:
Gaskiya Dakta. Kowa ya tuna Rigasa a Kaduna, Satumbar 2019, 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 wasu da mari a ƙafa, bayan nan aka yi ta bankaɗo wasu a Daura da Katsina da sauran wurare. Kuma iyaye ne da kansu suka kai su suna biyan kuɗi. To mu ma ashe muna da namu manyan gidajen, suna ne kawai ya bambanta.

Hajiya_Mairo:
Sani ɗana, iyayen nan da suka kai 'ya'yansu ba ƙin su suke ba, rasa yadda za su yi suka yi. Ni ma an sha ba ni shawarar in kai nawa, Allah ne ya tsare. Kuma kar ku manta ɗaurewa a cikin gida ma ana yi, na san gidan da yarinya take ɗaure a turke a bayan ɗaki don uwar tana fita talla babu mai riƙe ta, baƙi ma ba su san da ita ba. Wannan ita ma a cikin al'umma take ai.

'YarDamagaram:
Hakanan ne Hajiya, mu ma nan wajenmu haka abin yake, ana ɓoye su don kar a ƙi auren 'yan uwansu. Wasu kuma a tura su bara a bakin kasuwa.

Malam_Sule_Zariya:
Ina so in ƙara abu biyu. Na farko mu daina ganin kamar kulawa cikin gari ra'ayin Bature ne. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauye a Aro kusa da Abeokuta, marasa lafiya suna sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, da rana su je asibiti, ana biyan masu gida kuɗin haya. Masu taɓin hankali ne nasa, na sani, amma dabarar ita ce dai, kuma duniya ta zo ta koya a wajensa. Na biyu addininmu bai bar maganar ba, a Suratun Nisa'i aya ta 5 an yi umarni game da waɗanda ba sa iya juya dukiya cewa a ciyar da su daga cikinta a tufatar da su a faɗa musu magana mai daɗi. Wato gadonsu nasu ne, waliyyi riƙo kawai yake. Nawa ne a cikinmu suka ga an raba gado an cinye kason irin waɗannan bayin Allah an ce ai bai san kuɗi ba? Da ana riƙe musu kasonsu da amana da tambayar Hajiya ta wa zai riƙe shi ta ragu da rabi.

Barista_Nura:
Ta fuskar doka kuma, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, sashe na 19 ya ce mutum yana da haƙƙin zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Akwai dokar hana nuna musu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019. A Amurka abin da ya karya ƙashin bayan manyan gidajen shi ne shari'ar Olmstead a 1999, mata biyu a jihar Jojiya, Lois Curtis da Elaine Wilson, likitocinsu da kansu sun ce za su iya zama a gari amma aka ci gaba da riƙe su a asibiti, Kotun Ƙoli ta ce wannan wariya ce. Mu tamu dokar tana takarda, kasafin kuɗi ne babu.

Abban_Sadiya:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta komai har sau biyu. Maganar Hajiya ta tsaya min a rai haka ma ta DanZango. Abin da na tambayi kaina shi ne ni zan iya kai Sadiya wajen da muke shirin ginawa in juya in tafi? Ita da take gane muryar kowa a gidanmu, in mai kosai ta wuce sai ta yi ta murna. Ban iya amsa e ba. To in ba gidan kwana ba me za mu yi da kuɗin, a ba ni abin da zan kai wa kwamiti a hannu.

Dr_Zainab_A:
Ku ajiye tunanin bayan gari tukuna. Ku kama hayar gida biyu ko uku a cikin unguwanni, wajen wuni, a kawo yaro da safe a ɗauke shi da la'asar, uwa ta samu ta yi sana'arta ko ta yi barci. Mai gashin ƙashi ya riƙa zagayawa, a koya wa iyaye yadda ake zaunar da yaro da ciyar da shi kar ya shaƙe, a samar da maganin farfaɗiya ba yankewa domin da yawansu suna da ita. Ku ɗauki matan unguwar ku horar da su ku biya su albashi na gaske. Keke napep ɗaya mai ɗauko yara zai yi muku aikin da katanga ba za ta yi ba.

Injiniya_Kabiru:
Dakta masu ba da gudummawa gini suke son gani da sunansu a jiki. Ka ce wa Alhaji ya biya albashin mai raino duk wata shekara goma, a wata na huɗu zai daina ɗaga waya. Filin ma kyauta aka ba su don a yi gini, in sun ce haya za su kama mai filin zai iya karɓe abinsa.

Malam_Sule_Zariya:
To a gina shaguna ko gidajen haya a filin a yi waƙafi, kuɗin hayar ya riƙa biyan ma'aikata. Alhaji ya ga gininsa, yara kuma suna unguwarsu.

DanZango_Bronx:
Wannan shawarar ta Malam Sule ta yi min. In kuma dole sai an yi wajen kwana don irin ɗan Hajiya, kar ya wuce mutum huɗu zuwa shida, a cikin gari kusa da masallaci da kasuwa, kuma a rubuta tun farko cewa dangi za su iya shigowa kowane lokaci ba sai sun nemi izini ba, ko ƙarfe biyun dare ne. Duk wajen da ya ce ranar ziyara Lahadi ce kawai ku ji tsoronsa.

Hajiya_Mairo:
Wajen wunin nan zai taimaki masu ƙananan yara, ban musa ba. Amma nawa ba zai shiga napep ba, kuma matsalata dare ce ba rana ba. Gidan mutum shida da DanZango ya faɗa, namiji nawa za a samu masu ƙarfi da haƙuri da za su kwana da shi ba su dake shi ba, kuma nawa za a biya su? Abban Sadiya in kun zauna da kwamitin ku saka manya a lissafi don Allah, kowa yara yake tunawa, su kuma yaran girma suke yi. In kuna so zan zo taron da kaina in yi musu bayani, sai dai a sa shi da safe kafin ya tashi daga barci.